Sai Majalisa Ta Zauna

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da ke cikin ƙirji tun baki bai buɗe ba. Ni ban iya rubutu ba, ban taɓa iyawa ba. Rakiya ce ke riƙe da alƙalami, 'yata ta huɗu, wadda ta gama aikin koyarwa ta dawo kusa da ni. Na ce da ita ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. In ta ga na tsaya ina kuka ta jira ni, don tun da aka fita da mahaifinku daga gidan nan hawayena ba sa neman izini.

Abin da ya sa na ware shekara guda daga cikin dukan zamana da shi, wata magana ce da na ji ranar sadakar arba'in ɗinsa. Ina ɗaki cikin takaba, ku maza kuna tsakar gida, sai na ji babbanku yana ce wa wani baƙo:

"Baba bai yi kan boko irin na Kawu Habu ba. Jarrabawar kwaleji ma faɗuwa ya yi. Amma Allah ya ba shi hali."

Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, a wurinsa yabo ne. Haka kuka tashi kuna ji, haka shi ma marigayin ya bari a faɗa. Amma maganar ta kwana a zuciyata damina biyu. Mutum huɗu ne suka san gaskiyar wannan jarrabawa, uku sun riga ni, kuma alkawarin da na yi masa na yin shiru ya ƙare ranar da aka binne shi. To ku saurara.

A lokacin muna Roni, shekararmu ta biyu da aure, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da ke jingine da duwatsu. Malam, haka nake kiransa kuma haka zan kira shi a nan, ƙaramin magatakarda ne a ofishin hakimi. Turawa na nan, ana ta cewa sun kusa tafiya, amma ba wanda ya ga sun ɗaure kaya. Wata rana ya dawo da la'asar fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji, ya ce an buɗe ƙofa: za a yi jarrabawa a Kano, wanda ya ci za a kai shi kwalejin koyon aikin mulki a Zariya, in ya fito ya zama babban ma'aikacin En'e. En'e, ku 'yan yanzu, ita ce hukumar Sarki, wadda ke riƙe da kotu da asibiti da makaranta da komai na ƙasa. Sai dai akwai iyakar shekaru, shi kuwa a bakin iyakar yake. In bai ci a bana ba, badi ba za a karɓi sunansa ba. Takarda uku za su rubuta, Turanci da lissafi da kuma yadda ake mulkin ƙasa, kuma ta ukun ce mai nauyi, wanda ya faɗi ita ya faɗi duka.

Littafin wannan takarda ta uku da Hausa aka buga shi, amma guda ɗaya tak ya iso hannunsu, shi da yayana Habu. Yaya Habu abokinsa ne tun elementare, ta wurinsa ma ya gan ni, kuma a lokacin yana aikin magatakarda a Babura, shi ma ya ba da sunansa. Roni ina, Babura ina. Suka shirya littafin ya yi mako biyu a nan, mako biyu a can, masu kai wasiƙun En'e na ɗaukarsa a jaka. Malam ya fara kwafe shi da hannu, sai ya ga takardar ofis ba tasa ba ce, ta kasuwa kuwa ba ta isa ba, ya bari. Yana zama bayan sallar asuba a bakin ɗaki yana karantawa da ƙarfi, ni ina surfe ko ina ɓarar gyaɗa a gefe.

Ran nan littafin na Babura, yana ta ƙoƙarin tuno wani wuri, ya faɗi rabi ya maƙale, ya koma farko ya sake maƙalewa. Ban san lokacin da bakina ya ƙarasa masa ba. Ya ɗago kai.

"Kulu, me kika ce?"

"Ban ce komai ba, Malam."

"Kin ce. Maimaita."

Na maimaita, na wuce inda ya tsaya, na bi har ƙarshen babin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Ashe ina ta jiran littafi daga Babura, ga shi nan yana ɓare mini gyaɗa."

Ba abin mamaki ba ne a wurina. Mahaifina dogari ne a Kazaure, shekarunsa duk a ƙofar fada ya ƙarar da su. Tun ina ƙarama in ya dawo yana jero mana sarautu da kirarinsu, wa ke gaba da wa, wa ke zama dama wa ke zama hagu, ni ce ke haddacewa. Abin da na ji sau biyu ba ya fita. Amma ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin komai sai Malam. Daga ranar ya mai da ni ma'ajiyarsa. Makon da littafi ke hannu ya karanta mini, makon da ba ya nan ni ce littafin. Bai taɓa jin kunyar tambayar matar da ba ta san alif ba.

Da abin ya yi yawa sai na ga sunaye na neman cakuɗe mini, na sauko da kayan jerena na shimfiɗa su a tsakar gida. Kayan kanti na ba Turawa, tunda daga wajensu suka zo: babbar fanteka ita ce Gwamna a Kaduna, langa Razdan a Kano, ƙaramin kwanon sha Di'o mai zuwa rangadi. Namu kuwa na ba su ƙore. Masaki shi ne Sarki, ƙwarya hakimi, ƙoƙo dagaci, ludayi mai unguwa. Akushi na ba alƙali don shi ba ya fashewa da wuri, tukunya mai murfi ma'aji, muciya 'yan doka, kwandon da nake kife 'yan tsaki da shi gidan yari. Talaka kuwa ƙwayar gero ce guda. Sai in ɗauki ƙwayar in ce:

"To Malam, ga wannan bawan Allah an ci masa iyakar gona. Ina zai fara?"

Ya ɗauke ta ya sa a ludayi, daga ludayi zuwa ƙoƙo, daga ƙoƙo zuwa ƙwarya, har akushi, yana faɗin abin da kowa ke da ikon yi da abin da ba shi da shi. In ya tsallake wani in buge masa hannu da faifai. Wata rana kaza ta zo ta tsince ƙwayar daga cikin ƙoƙo, ya ce:

"Kin gani ko. Shi ya sa ba a son ƙara ta daɗe a wurin dagaci."

Ban taɓa ganin mutum mai son sanin abu don kansa ba irin Malam. Ba haddar kawai yake so ba. In ya karanta aikin malamin daji, sai ya je ya tsare malamin dajin da tambaya har ya gaji da shi. In alƙali na zaune kuma ba aiki a ofis, ya je ya rakuɓe yana saurare. Ya dawo ya ce mini littafi ya faɗi kaza, amma a ƙasa ga yadda ake yi, kuma ga dalilin da ya sa. Yana cewa in Allah ya sa ya fito daga kwalejin, ba zai bari ƙwayar gero ta yi ta yawo daga ƙwarya zuwa ƙwarya ba a san inda za ta sauka ba. Ni kuwa ina ɗauke da cikin fari, ina jin kamar da ni da shi da abin da ke cikina duk tare za mu shiga ɗakin jarrabawar.

Saura kamar wata guda, aka tura shi ya bi masu yin lambar agana zuwa ƙauyukan wajen Gwiwa, shi ke rubuta sunayen garuruwan da aka gama. Tafiyar kwana goma sha ce. Ya ce maimakon in zauna ni kaɗai da ciki, in je Kazaure ganin gida. Na je. Kwana uku da zuwana sai ga Yaya Habu a kan keke daga Babura, zai wuce Roni, ya yi baƙi ƙirin da rana. Ya kawo littafin, ya kuma zaro wasu 'yan takardu huɗu daga aljihu, ya ce ƙari ne aka aiko daga Kano kan wata sabuwar doka, aro aka ba shi, gobe da sassafe sai sun koma hannun mai su a Babura. Da ya ji Malam ya yi tafiya sai ya dube ni.

"Ina aku mai bakin magana? Zo nan. Mijinki ya ce kanki ya fi akwatin ofis, yau zan gani."

Muka zauna a inuwar rumbu da hantsi. Baba na gefe a kan buzunsa yana gyaran igiyar akuya. Yaya ya karanta sau uku, na mayar masa bai sami inda zai gyara ba. Abin da ke ciki shi ne: a da Sarki shi kaɗai ne En'e, majalisa shawara kawai take ba shi in ya nema. Yanzu kuwa doka ta haɗa shi da majalisarsa, ba zai yanke babbar magana ba sai majalisa ta zauna, in kuma ya saɓa wa mafi yawansu sai an sanar da Razdan, maganar ta je gaban Gwamna. Ina cikin tunanin ƙananan ƙoƙunan da zan kewaye masaki da su, sai na ji Baba ya ajiye igiya.

"Habu, wa ya rubuta wannan?"

"Doka ce, Baba. A Kaduna aka yi ta, sarakunan ma suna zaune."

"Suna zaune. Ni ma na sha zama a inda ban yarda ba." Ya nuna takardun da yatsa. "Kuma so ake yaro ya ɗauki alƙalami ya rubuta da hannunsa cewa Sarki ba ya yanke magana sai an yarje masa? Ya sa sunansa da na ubansa a sama?"

"Jarrabawa ce kawai, Baba. Bature ne zai duba."

"Bature zai duba, ya hau jirgi ya tafi garinsu. Takardar fa? Ita ma jirgin za ta hau? Na tsufa a ƙofar fada, na ga Turawa nawa sun zo sun tafi, ƙofar tana nan inda take. Wannan tabarma ce aka shimfiɗa a kan rami, a ga wa zai taka."

Yaya ya yi dariya ya ce zamani ya juya, shi kam in ta fito zai rubuta. Baba ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da gyara. Sai da Yaya ya fita gaida abokai sannan Baba ya kira ni kusa, ya rage murya.

"Kuluwa, wancan ɗana ne, kunnensa na ƙashi, in ya faɗa rami ni zan yi kuka. Mijinki ɗan mutane ne, ba shi da uba, ba shi da kowa a fada sai ni. In aka ce surukin dogari ne ya rubuta wannan, ba aikin kaɗai zai rasa ba. Ki dubi abin da ke cikinki. Wannan maganar kada ta bi ki Roni."

Kada ku zagi kakanku. Abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma don ƙauna ya faɗa. Ni ma kada ku ce ban yi tunani ba. Kwana bakwai na yi ina juya abin, ina daka ina juyawa, ina wanki ina juyawa. Na san halin Malam: in na ba shi, zai rubuta, ba zai ko waiwaya ba. Na ce a raina littafin babba ne, babi goma sha ne, me zai sa a bar su duka a tambayi 'yan takardu huɗu da suka zo jiya? In ba ta fito ba, ba wanda ya yi asara. In ta fito ya rasa amsa guda, ya fi a ce ya rasa gindin zama a ƙasar Kazaure. Haka na lallashi kaina.

Malam ya dawo daga Gwiwa ya rame, ya zo ya ɗauke ni muka koma Roni. Washegari da safe na shimfiɗa kayan jere kamar kullum. Yana zama ya ce:

"Na ji ƙishin-ƙishin a hanya wai an yi sabuwar doka kan majalisar Sarki. Habu bai zo da wata takarda ba?"

Ina riƙe da masaki a hannuna. Har yau ina jin sanyin bayansa a tafina.

"Littafin kawai ya kawo, Malam."

"To. Ƙila ba ta fito ba tukuna."

Bai sake tambaya ba. Me zai sa ya sake? Ban taɓa ba shi kalma guda ba daidai ba. Na ajiye masaki shi kaɗai a tsakiya, ba ƙoƙo ko ɗaya a gefensa, muka ci gaba. Ragowar kwanakin ya yi karatu kamar ba gobe, ni kuwa ina mayar masa da tsohon babin Sarki, ina ji a bakina kamar ina tauna ƙasa.

Ranar tafiya na yi masa guzurin ƙuli-ƙuli da dakuwa. Ya ɗauki ƙwayar gero guda daga cikin ludayi ya ƙulle a bakin rawaninsa, ya ce zai kai ta ta ga Kano. Na yi fatan su haɗu da Yaya kafin a shiga, su yi bita, maganar ta fito ta wani bakin ba nawa ba. Allah bai nufa ba. Motar da ta ɗauko Yaya ta lalace bayan Kanya Babba, bai iso ba sai ana shiga ɗaki.

Kwana biyar Malam ya yi. Ranar da ya dawo rana ta take, ina tankaɗe. Ya yi sallama, na amsa, na kawo ruwa ya sha. Bai dube ni ba. Ya zauna a bakin ɗaki inda ya saba karatu, ya ce:

"Kulu, sauko da ƙoren nan."

Na sauko da su. Na jera.

"Karanta mini abin da Habu ya karanta miki a inuwar rumbu."

Daga baya na ji yadda aka yi. Tambayar farko, mai maki mafi yawa, ita ce a bayyana yadda Sarki da majalisarsa ke yanke magana a sabuwar doka. Malam ya rubuta tsohon tsari tsaf yadda na ba shi. Suna fitowa Yaya ya dafa kafaɗarsa yana murna, ya ce ka ga abin da na karanta wa Kulu shi ya fito. Malam ya ce masa, haka ne, ta ba ni, ni ne na ruɗe na manta. A tsaye a wurin, cikin wannan zafi, abin da ya fara yi ke nan, ya rufa mini asiri a wurin ɗan'uwana.

Na durƙusa na ɗauko ƙananan ƙoƙuna na kewaye masaki da su. Na karanta takardu huɗun nan daga farko har ƙarshe, ina kuka ina karantawa, kalma ɗaya ba ta faɗi ba. Ya saurara har na gama. Sannan na gaya masa abin da Baba ya ce da abin da na ji tsoro. Na jira ya yi faɗa, na jira ya ce in tattara kayana. Da ya yi hakan da ya fi mini sauƙi.

"Ba ki bar ko wasali ba," in ji shi. "Da ke aka bari kika shiga, da kin zo ta ɗaya."

Ya kwance bakin rawani ya fito da ƙwayar geron nan, ya riƙe ta a tafin hannu.

"Tsoho ya faɗi abin da ya sani. Ke ma wuyana kika jiye wa, na gane. Abu ɗaya ne ya yi mini ciwo, Kulu. Da kin ajiye mini duka biyun a gabana, ga takarda ga maganar Baba, kin ce Malam zaɓi. Ƙila in ji tsoron ni ma. Amma kika yanke ke kaɗai."

Ba zan ce muku abin ya wuce a ranar ba. Kwana uku bai ci tuwona ba, ba don fushi ba, abincin ne ba ya wucewa. In ya taso daga ofis sai ya wuce gona ya yi ta sassabe a wurin da ba ya bukatar sassabe. Ranar da sakamako ya zo, Turanci ya ci, lissafi ya ci, ta ukun ce ta kayar da shi, kuma ba da nisa ba. Yaya Habu ya ci. Malam da kansa ya je Kazaure ya raka shi tasha, ya riƙe masa akwati. Ba wanda ya taɓa Yaya kan abin da ya rubuta, ba wanda ya ko tambaya. Ya je Zariya ya fito, ya hau, ya hau, har ya zama Kawun da kuka sani mai mota da direba. Tun Yaya na Zariya Baba ya ga da idonsa ba abin da ya same shi. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, irinsu ba sa iyawa, amma ranar sunan babbanku ya tako har Roni da ƙafa da tsufansa, ya cire alkyabbar da ya fi so ya yafa wa surukinsa. Malam ya durƙusa ya karɓa. Ba su taɓa tada maganar ba har suka rabu.

Malam ne ya sa ni na yi alkawarin ba zan faɗa ba muddin yana raye. Na ce masa mutane za su ce ba ka da kai. Ya ce:

"Su ce. Namiji in ya faɗi jarrabawa, shekara guda an manta. Mace in aka ce ita ta kayar da mijinta, har jikokinta sai sun ji. Kuma Habu zai ƙullaci tsoho. Bar shi a kaina, kaina ya fi faɗi."

Yaya bai sani ba sai da ya yi ritaya, ni na kasa riƙewa na gaya masa, Malam ya yi mini faɗa a kai, faɗan da bai yi mini ba a wancan karon. Yaya ya zo ya zauna a zauren nan ya yi kuka kamar yaro. Malam ya ce masa ya share hawaye, rabon wani ba ya shiga aljihun wani.

Haka ya ƙare aikinsa yana magatakarda, daga Roni aka mai da shi Gwiwa, aka dawo da shi, bai taɓa wuce tebur ɗaya da kujera ɗaya ba. Amma kun ga zaurenmu. Kun ga yadda mutanen ƙauye ke cika shi tun da safe, wanda aka ci wa gona, wadda aka hana gado, wanda bai san ƙofar da zai buga ba. Ya zaunar da mutum ya ce fara daga nan, in ba a ji ka ba je can, ga abin da za ka ce, ga abin da ba su da ikon yi maka. Turawa suka tafi, En'e ta tafi, aka yi jihohi, aka yi ƙananan hukumomi, kowane sauyi sai ya nemo takardarsa ya zauna ya karanta mini da ƙarfi, da furfurarsa da tabaronsa, in ajiye masa. Ku duba wannan. Mutumin da na ɓoye wa takardu huɗu, bai taɓa sake zagayawa ya tambayi wani ko abin da na mayar masa daidai ne ba. Na taɓa ce masa, Malam, ba ka tsoron in sake? Ya ce wanda maciji ya sara shi ya fi kowa iya duba hanya, ke yanzu kin fi littafi aminci.

Wannan shi ne mutumin da kuka ce bai yi kan boko ba.

Saura abu ɗaya, Rakiya, rubuta shi da kyau. Dukanku kun san maganar da yake yi in kun zo masa da bukata. In ɗayanku na son zuwa makarantar nesa, in an zo neman auren ɗayarku, in za a sayar da sa ko a sayi gona, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Sai ya gyara hula ya ce:

"Sai majalisa ta zauna."

Ku yi ta dariya, kuna cewa Baba na tsoron Inna. Sai ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado, ya ajiye mini maganar duka, da daɗinta da ɗacinta, ya ce Kulu me kika gani. Ya fara wannan ne tun makon da ya dawo cin tuwona. Ni na yanke masa ni kaɗai sau ɗaya, na rufe masa ƙofar da ba ta sake buɗewa ba. Shi kuwa shekara hamsin da wani abu bai yanke mini komai shi kaɗai ba. Da haka ya rama.

Masakin ya daɗe da fashewa, fanteka ta huje, ƙoƙunan jikoki sun yi wasa da su sun ɓatar. Ƙwayar geron tana nan cikin ƙullin tsumma a ƙasan adakata, a aljihunsa na same ta ranar da aka cire masa riga za a yi masa wanka. Yanzu in magana ta taso kuna zuwa kuna cewa Inna yanke. Ina yankewa, tunda ba yadda zan yi. Amma kowane karo sai na juya gefen gadon nan tukuna, in ga ba kowa.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya ci jarrabawar da ta fi wannan. Ajiye alƙalamin, Rakiya. Ba zan iya ƙarawa yau ba.